Ƙasar Malam Ndatsu

Ranar da Malam Ndatsu ya raba mana kwalaye, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Shagonsa na gyaran rediyo da talabijin yana unguwar Bosso, rufin kwano ne ba silin, in ruwa ya sauko sai dai ka ga bakin mutum yana motsi. Ni kuma a can baya nake zama, kusa da tulin matattun fankoki, inda ba mai kallona.

Duk Asabar da safe yake koya wa matasa aikin lantarki. Wani da ya taɓa koyon aiki a hannunsa ne ya aiko masa da kwalayen koyo. A cikin kowane kwali akwai batir, da wayoyi masu launi, da makunni, da ƙananan ƙwayayen fitila jajaye masu ƙafa biyu, da wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa da ake kira resista. Akwai kuma wani farin allo mai huji-huji da Malam ya ce sunansa allon burodi. Na juya shi gaba da baya, ban ga inda ya haɗu da burodi ba, ban kuma tambaya ba.

Masu son koyo sun fi kwalayen yawa, shi ya sa ya kafa doka. Kowa zai tafi da kwalinsa gida ya haɗa fitila ɗaya da makunni. Wanda tasa ta kama ranar Asabar mai zuwa, kwali ya zama nasa, ya ci gaba da zuwa. Wanda tasa ba ta kama ba, ya ajiye a ba wani.

Ni kwalin nan nake so. A unguwar Limawa nake, wurin Goggo Kubura ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Firamare kawai na yi, daga nan sai bakin tandar waina. Kusan duk gidan da na kai waina a unguwarmu akwai matacciyar tocila ko fitilar caji a kan taga, matan gidan suna jiran ranar da wani zai tuna ya kai gyara. Na daɗe ina tunanin in da na iya gyara, ni da nake shiga har ɗaka, da na samu sana’a. Liyatu maƙwabciyarmu ce ta ja ni zuwa ajin. Goggo ta yarda da kyar, don safiyar Asabar ita ce ciniki.

“Je ki,” in ji ta. “Amma ranar da suka karɓe abinsu, ki dawo mini kan tanda, kar in ƙara jin zancen waya.”

Malam Ndatsu Banufe ne, dattijo mai haƙuri, Hausarsa irin ta cikin gari. Mace da namiji duk “ka” yake ce musu, har sai da na yi Asabar biyu kafin in gane in ya ce “kai na baya” da ni yake. Kuma bakinsa ba ya raba ƙafa da kafa, ba ya raba ƙara da kara.

Kafin ranar kwalaye ya koya mana abu biyu, dijital da analog. Ya ce dijital kamar makunnin bango ne, ko a kunne ko a kashe, ba tsakiya. Analog kuma kamar kan famfo, kana murɗawa ruwa yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Abdulbasit, wani mai tuƙa keken haya mai ƙafa uku da bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga hannu. “Malam, ashe wutar layinmu analog ce. Jiya ƙwan ɗakina kamar garwashin da aka manta.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi a cikin hijabi, ko da yake ban tabbata na gane ba.

To ranar ruwan, Malam ya tsaya gaban tebur da allon burodi a hannu, kowa ya taso ya kewaye shi. Ban iya kutsawa cikin maza ba, na tsaya ina kallon ƙeyoyi. Ya yi ta nuna wani abu a gefen allon da tsinken biro, ruwa yana dukan kwano. Sai da ya ɗan lafa na ji ƙarshen maganar.

“Jan waya, makunni. Daga makunni, resista. Daga resista, dogon kafa na kwai. Gajeren kafa, kasa. Bakin waya na batir, shi ma kasa. Wanda ya kasa, ya dawo mini da kwali.”

“Malam, kasa ta yi yawa a maganar nan,” in ji Abdulbasit.

Aka sake yin dariya irin ta waɗanda suka gane. Malam ya ce akwai mai tambaya? Na ji tambayar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce a raina zan tambayi Liyatu a hanya.

A hanya kuwa Liyatu ta ce ba gida za ta ba, Maikunkele za ta wuce, ana bikin ƙanwar mamanta, sai safiyar Asabar za ta dawo. Ta haye wani keken tana ɗaga mini hannu. Na tsaya da kwali a ƙarƙashin hijabi.

Washegari bayan na wanke tanda na shimfiɗa tabarma na zazzage kayan. A cikin murfin kwalin akwai zane. Na bi shi da yatsa. Ga batir, ga makunni, ga resista, ga ƙwai. Wannan duk na haɗa, don Malam ya riga ya nuna mana cewa hujojin da ke ɗan gajeren jeri ɗaya a haɗe suke ta ciki. Amma daga gajeruwar ƙafar ƙwan, layin ya sauka ya ƙare a kan wata alama kamar tsintsiya a tsaye. Daga baƙar wayar batir ma haka, wata tsintsiyar daban. Tsintsiyoyin biyu ba su taɓa juna ba. A ƙarƙashin kowace an rubuta G da N da D. Na karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, ba su ce mini komai ba.

Na zauna ina juya maganar Malam. Kasa uku ya faɗa. Ta ƙarshe na gane ta, ita ce ta wanda bai iya ba. Sauran biyun fa? Ko yana nufin ƙasan allon? Na kifa allon, ba huji ko ɗaya a bayansa, sai takarda mai gam. Ko yana nufin a saukar da wayar ƙasa-ƙasa? Na sauke su suka yi lilo daga bakin tabarma, na danna makunni. Shiru. Na sake kallon tsintsiyar nan. In ka kalle ta da kyau, kamar abin da aka soka a ƙasa take.

Na ɗauki allon na je gindin murhu inda rumfa ta tare ruwa, na soka wayoyin biyu a ƙasa. Na danna. Ba komai.

Goggo tana tsintar shinkafa tana kallona ta wutsiyar ido. “Barira, shuka kike yi?”

“Malam ne ya ce a sa a ƙasa.”

“To Allah ya ba da damina. In ta tsiro ki ɗebo mini iri.”

Na canja wuri. Na gwada bakin ƙofa, na gwada bayan ɗaki. Na cire batir na ɗora a harshe kamar yadda na ga Abdulbasit yana yi, ya ɗan cije ni, na san da rai. Na juya ƙwan, na mayar da shi. Na canja wani ƙwan. Ran nan haka na tattara.

Sai ranar Talata, ina wanke-wanke, na ajiye allon kan kujera ’yar tsugune don kar in bar shi inda awaki za su taka. Wurin wanke-wankenmu ƙasarsa ba ta bushewa, baƙa ce, kullum cikin ruwan omo da ruwan miya. Ban san me ya sa ba, na goge hannu na soka wayoyin a nan, kusa da juna. Na danna makunni. Kamar na ga wani abu. Na yafa hijabina na rufe kaina da allon gaba ɗaya.

A cikin duhun hijabin ga wani ɗan ja a tsakiyar ƙwan, kamar kan ashana da ta kusa mutuwa. Na saki makunni ya ɓace. Na danna ya dawo.

“Goggo! Goggo, zo ki gani!”

Ta zo tana mita, ta cusa kanta cikin hijabin.

“Ina wutar?”

“Ga ta nan. Ki duba tsakiya.”

“Wannan? Barira, idon kyanwa ya fi wannan haske. Wannan ta kama ke nan ko ba ta kama ba?”

Abin da ya hana ni sukuni ke nan har ƙarshen mako. Ta Malam da ya nuna mana, daga bayan aji ma na hango ta, ja wur. Tawa kuma ba a kunne take ba, ba a kashe ba. Kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. In na matso da wayoyin kusa sai ta ɗan ƙaru. In na raba su sai ta dushe. Da safe bayan an zubar da ruwan wanke-wanke tana da ɗan ƙarfi, da rana ta yi sai ta koma kamar ba ita ba. Malam ya ce makunni ba shi da tsakiya. To ni ina na samo tsakiya? Na fara zargin ƙasar Limawa ce ba ta da kyau, wataƙila ta Bosso ta fi ƙarfi, shi ya sa tasa take haske. Na kuma rasa yadda sauran za su yi, don shagon Malam siminti ne har bakin titi.

Ranar Alhamis na yanke shawara in tafi da ƙasata. Na samo tsohuwar robar man shafawa, na haƙo baƙar ƙasar nan da cokali na cika ta, na danna da babban yatsa. Na gwada a ɗaki, ɗan jan ya fito. Na tura robar ƙarƙashin gado ba murfi, don murfin ya daɗe da ɓata.

“Kin yi mini rami a wurin wanke-wanke,” in ji Goggo. “In na karye, malamin naki ne zai yi mini ɗori?”

Ranar Asabar na isa shagon an riga an fara. Kowa da allonsa a gaba, jajayen fitilu suna ta ƙiftawa. Na duba teburin, na duba ƙarƙashinsa. Ba wanda ya zo da ƙasa. Liyatu ta shigo a guje da lalle a hannu, ta zauna kusa da ni tana haki.

“Taki ta kama? Ni a keke na ƙarasa tawa. Mene ne wannan a leda, dambu kika kawo mana?”

Na ƙara riƙe ledar da na ƙunso robar a ciki. Malam yana bi ɗaya-ɗaya. Wani yaro tasa ta ƙi, aka duba, ya manta resista ƙwan ya ƙone. Malam ya girgiza kai ya karɓi kwalin ya ɗora kan kanta.

“Kai na baya. Barira. Kawo naka.”

Na tashi na je gaban tebur. Na ajiye allon. Na kwance leda na fito da robar, na soka wayoyin biyu a ciki. Na danna makunni.

Ba komai. Na rufe da tafin hannu na leƙa. Ko ɗan jan babu. Ƙasar ta bushe a ƙarƙashin gado, har ta tsage ta janye daga jikin robar.

“Mene ne wannan?” in ji Malam.

“Ƙasa.” Ni kaina da kyar na ji muryata.

“Me?”

“Ta ce ƙasa, Malam,” in ji Abdulbasit. Sai ya kwashe da dariya har yana dukan benci. “Wallahi ƙasa ta kawo! Hajiya, filin naki da takarda ko gado ne?”

Shago ya ɗauka. Liyatu ta ce masa, “Rufe mana baki, direban keke,” amma ita ma kafaɗunta suna rawa. Na kalli ƙofa. Da na bi ta, da shi ke nan, gobe ina kan tanda ba mai sake yi mini dariya. Malam ya miƙo hannu wajen kwalina, ban sani ba ko ɗauka zai yi ko matsar da shi. Na dafe kwalin.

“Malam, a ba ni ruwa.”

“Jiri kana ji? Ku ba shi kujera.”

“A’a. Ruwa kawai.”

Liyatu ta miƙo mini ledar ruwan da ta fara sha. Na tsiyaya a robar, na danna ƙasar da yatsa, na matso da wayoyin har suka kusa taɓa juna. Dariya ta ƙaru, wani yana cewa a kawo taki. Na danna makunni na riƙe. Ba zan iya ce wa dattijo ya shigo cikin hijabina ba, sai na ɗauki murfin kwalin na kifa a kan ƙwan, na bar ɗan gefe.

“Malam, ka leƙa.”

Ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Ya ce in saki, na saki. Ya ce in danna, na danna. Ya kama waya ɗaya da kansa ya ja ta gefen robar a hankali, ya dawo da ita. Ya sake yi. Sannan ya ɗago yana kallon robar kamar yau ya fara ganin ƙasa.

“Ku zo ku gani. Daya-daya, kar ku ture tebur.”

Suka yi layi suna leƙawa. Abdulbasit ya leƙa ya ɗago. “Kai! Irin wutar layinmu ce sak.”

Malam ya yi musu bayani, na tsinci abin da na iya tsinta. Wai wutar tana fita daga batir, dole ta zagayo ta koma batir. Tawa ta bi ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta koma, amma hanyar da wuya, shi ya sa ta iso a gajiye. Ruwa ya ƙaru, haske ya ƙaru. Ya ce wannan shi ne analog ɗin da yake ta faɗa da baki.

“To ta ci ke nan, Malam?” in ji Liyatu.

“A’a.” Ya girgiza kai. “Doka na dijital ne. Ko ya kama ko bai kama ba. Wanda sai an rufe da murfi kafin a gani, bai kama ba.” Ya zare wayoyin daga robar, ya goge bakinsu da gefen rigarsa, ya miƙo mini. “Ga shi. Sa su a kasa na gaskiya, yanzu, a gabana.”

Na riƙe wayoyi biyu, ɗaya a kowane hannu. Kowa yana kallona. Liyatu tana yi mini nuni da ido wajen allon, amma allon huji ne ko’ina. Na kalli siminti. Na kalli robar. Ba abin da ya rage sai tambayar nan da na haɗiye tun ranar ruwa.

“Malam, don Allah, ina ƙasar take?”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya sosai. Malam ya ɗauki biro ya nuna gefen allon. Akwai wani dogon shuɗin layi da ya bi jerin hujoji daga sama har ƙasa. Kullum ina ganinsa, na ɗauka ado ne.

“Wannan. Duk huji na wannan layi a hade suke. Shi ne kasa.”

“Amma ba ƙasa a ciki.”

“Babu.”

“To me ya sa ake ce masa ƙasa?”

Ya sosa ƙeya da biron. “Rediyo na da, ana buga karfe a kasa a daura masa waya. Suna ya zauna. Ni ma haka na tarar.”

Daga bayan aji wata murya ta ce, “Wallahi ni ma ban san dalili ba, na dai ga na kusa da ni ya sa a nan na sa.”

Na soka baƙar waya a shuɗin layi. Ta biyun ta lanƙwashe, na miƙar da ita da haƙori, na soka ta a wani hujin na layin, nesa da ta farko. Na tsaya ina tunanin ko in matso da su kusa kamar yadda na saba.

“Danna,” in ji Malam.

Na danna. Jan ya buge mini ido har na ja da baya.

“Ya kama,” in ji shi. Ya turo mini kwalin. “Dauki kayanka. Roba kuma ka bar mini, zan yi darasi da shi.”

“Hajiya mai fili, a taimaka mana da puloti ɗaya,” in ji Abdulbasit da zan wuce. Sunan da ya bi ni ke nan.

Na koma baya na zauna kusa da fankoki. Sauran darasin ranar ban ji shi ba. Ina ta danna makunni a kan cinyata, ina kallon wayoyin nan biyu da ke nesa da juna, haske kuma bai ragu ba.

Da na isa gida Goggo ta riga ta kife tanda, tana cike ramin wurin wanke-wanke da toka. Ta kalli kwalin a hannuna.

“Ba su karɓe ba?”

“Ba su karɓe ba.”

“Ina robata?”

“Malam ya riƙe.”

“Ikon Allah. An bar miki kayan Turawa an karɓe ƙasar gidana.” Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar tocilarta da ta mutu tun azumi, ta ajiye mini a kan tabarma. “To, injiniya. Bismilla.”

Na kwance ta da bakin wuƙa. Na duba ciki da kyau, na karkata ta wajen haske. Ba shuɗin layi ko ɗaya. Ba allo mai huji, ba tsintsiya, ba G ba N ba D. Na kusa mayar da murfin. Sai na ga wata siririyar baƙar waya ta fito daga wajen ƙwayayen. Na ɗora yatsa a kanta na bi ta a hankali, ta lanƙwasa ta bayan makunni, ta gangara wajen gindin batir. A nan bakinta yake lilo, bai taɓa komai ba.

“Yaya?” in ji Goggo. “In ɗebo miki ƙasa?”

“Tukuna,” na ce.